Shaidar Wanda Hankalinsa Ya Taɓa Gushewa: Yadda Aka Karanta Littafin Clifford Beers

A watan Maris na shekarar 1908 aka buga wani littafi a Amurka mai suna A Mind That Found Itself, wanda wani tsohon ɗalibin jami'ar Yale, Clifford Beers, ya rubuta a kan shekara uku da ya yi a tsare a asibitocin masu taɓin hankali guda uku a jihar Connecticut. Littattafan da ke tona asirin irin waɗannan gidaje ba baƙin abu ba ne a wancan zamani, amma wannan ya sha bamban da su, domin marubucinsa bai ce an tsare shi bisa kuskure ko makirci ba. Ya amsa da bakinsa cewa hankalinsa ya gushe da gaske, ya bayyana abubuwan da ya riƙa ji da gani waɗanda babu su, sannan a cikin littafin nan guda ya nemi a gaskata shi a kan dukan da ya ce an yi masa, da wanda aka yi wa wasu a gaban idonsa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda masu karatu suka karɓi wannan buƙata, da abin da kowannensu ya zaɓa ya ɗauka daga ciki ya bar saura.

An haifi Beers a birnin New Haven a 1876, ya gama Yale a 1897, ya kama aikin akawu a New York. Tun yana ɗalibi wani yayansa ya fara faɗuwa irin ta masu farfaɗiya, shi kuwa sai tsoro ya shige shi cewa ciwon zai kama shi, ya yi shekaru yana ɓoye wannan fargaba ba tare da ya gaya wa kowa ba. A watan Yuni na 1900 ya faɗo da kansa daga tagar benen gidansu da niyyar ya mutu, amma ya sauka a kan ƙasa mai laushi, ya tsira da karaya a ƙafafu. Yayan nasa ya rasu ba da jimawa ba, likitoci kuma suka ce ƙari ne a ƙwaƙwalwa ya kashe shi. Daga nan Beers ya shiga wani hali na baƙin ciki da shiru wanda ya wuce shekara biyu, yana ganin duk wanda ya zo duba shi ɗan sandan ciki ne da ya yi shigar danginsa don ya tattara hujjar gurfanar da shi a kotu. Yadda ya fita daga wannan zato yana cikin wuraren da masu karatu suka fi tunawa: ya sa wani majinyaci ya aika wa George, wani yayan Beers ɗin daban, wasiƙa a ɓoye, ya ce idan shi ne ɗan'uwansa na gaskiya ya zo da ita a hannu. A ƙarshen watan Agusta na 1902 George ya zo da wasiƙar, zaton ya rushe nan take, sai dai abin da ya biyo baya ba lafiya ba ce, wani sabon hali ne na ɗoki da zumuɗi da surutu marar yankewa, da shirye-shiryen gyara duniya.

A wannan hali na biyu ne ya sha mafi yawan azabar da ya rubuta. An sa masa rigar tamfol mai dogayen hannuwa da ake ɗaurewa ta baya, dare 21 a jere, kuma ya ce wani likita ya tamke ta da gangan fiye da kima don ya hora shi. A asibitin gwamnati da ke Middletown an jefa shi ɗakin da babu abin ɗumama jiki a tsakiyar hunturu, masu tsaron majinyata sun shaƙe shi, sun tattaka shi, ya kuma ji ihun wasu da ake duka a ɗakunan da ke kusa. Bai ambaci sunan asibitocin ko na likitocin a littafin ba. Ya kuma yi wa masu tsaron wani adalci, inda ya nuna cewa mutane ne da ba a koya musu komai game da aikin ba, ana biyan wasunsu dala 18 a wata, ana barin su da majinyata masu yawa na tsawon sa'o'i, kuma wanda ya zo da tausayi a farko yakan koyi duka daga waɗanda ya tarar.

Kafin Beers, waɗanda jama'ar Amurka suka saurara a kan wannan batu mutane ne da suka fara tabbatar da cewa lafiyarsu ƙalau. Elizabeth Packard, wadda mijinta ya kai ta asibitin Jacksonville a jihar Illinois a 1860 saboda saɓanin aƙida, ta yi shekara uku a can, amma abin da ya ba maganarta nauyi har aka gyara dokar jihar shi ne hukuncin da masu taya alƙali shari'a suka yanke a 1864 cewa tana da hankalinta. 'Yar jarida Nellie Bly kuwa haukan ƙarya ta yi a 1887 don a kai ta asibitin tsibirin Blackwell a New York, ta yi kwana goma ta fito ta ba da labari, aka kafa bincike, aka ƙara wa hukumar da ke kula da wurin kuɗi. Duk su biyun sun ba mai karatu hanya mai sauƙi, domin abin da yake jin haushinsa shi ne an kulle mai hankali a cikin mahaukata, kuma yana iya jin wannan haushi ba tare da ya tambayi kansa ko ya halatta a doki wanda haukansa na gaske ne ba. Beers ya toshe wannan hanya. Wanda zai tausaya masa dole ya yarda cewa marar hankali ma yana jin zafin duka, yana jin wulaƙanci, yana kuma riƙe da abin da aka yi masa har ya warke ya faɗa.

Mai karatu na farko da ya gwada wannan a kansa shi ne gwamnan Connecticut, wanda Beers ya aika wa doguwar wasiƙa a 1903 tun yana tsare, ya zayyana masa abin da ke faruwa a ɓangaren da ake ajiye masu faɗa. Gwamna ya karanta, ya tuntuɓi shugaban asibitin, amma bai kafa kwamitin bincike ba. Ba na ganin akwai abin mamaki a nan, tunda wasiƙar ta fito daga hannun mutumin da takardun asibiti suka ce ba ya cikin hayyacinsa, kuma shi kansa ya cika ta da barkwanci da manyan alkawura irin na wanda zumuɗi ya ɗebe shi. Darasin da Beers ya ɗauka bayan an sallame shi a watan Satumba na wannan shekara shi ne cewa gaskiyarsa ba za ta yi tafiya ita kaɗai ba, sai ya samo mata waɗanda za su tsaya mata. Burinsa shi ne ya rubuta littafin da zai yi wa majinyata abin da wani shahararren littafin ƙirƙira na 1852 ya yi wajen tunzura Amurkawa a kan bauta, saboda haka kafin ya kai rubutun maɗaba'a ya bi manyan mutane da shi ɗaya bayan ɗaya.

William James na jami'ar Harvard, wanda a lokacin babu masanin halayyar ɗan Adam da ya fi shi suna a Amurka, ya karanta rubutun a 1906, ya kuma ba shi goyon baya ba tare da jan ƙafa ba. Wasiƙarsa ce aka sa a farkon littafin, kuma abin da ya jaddada a ciki shi ne cewa labarin yana kama da ƙagagge amma ba ƙagagge ba ne, ya ce yana faɗin haka da ƙarfi domin ya san yadda mutane ke saurin shakkar irin wannan bayani. James da kansa ya yi fama da matsanancin baƙin ciki a ƙuruciyarsa, kuma ina ganin wannan ne ya sa ya karanta Beers a matsayin ɗan'uwa, ba a matsayin abin nazari ba. Amma duk da kyawun niyyarsa, wasiƙar tana nuna matsayin da aka ajiye marubucin: mutum ne da ba a shiga maganarsa sai an fara wucewa ta hannun wanda ya lamunce shi.

Karatun da ya fi tasiri a kan makomar littafin shi ne na Adolf Meyer, likitan ƙwaƙwalwa haifaffen Suwizalan da ke jagorantar cibiyar binciken asibitocin jihar New York. Meyer ya karɓi rubutun a 1907, ya bi shi shafi-shafi tare da marubucin, ya ba da shawarar a sassauta wuraren da suka fi zafi a kan likitoci, a kuma cire abin da zai sa a ga littafin a matsayin ramuwar gayya. Shi ne kuma ya kawo shawarar cewa ƙungiyar da Beers ke son kafawa kada ta tsaya a kan kare waɗanda ke tsare kawai, ta zama ta kiyaye lafiyar hankali gaba ɗaya, wato ta haɗa da rigakafi da wayar da kai da bincike. Ba zan ce Meyer ya yi haka da mugun nufi ba. Ya san abokan aikinsa, ya san cewa shugabannin asibitoci za su haɗe kai su yi watsi da duk littafin da ya kira su azzalumai, ya kuma san cewa yawancinsu suna fama da cunkoso da ƙarancin kuɗin da majalisun jihohi ke ba su. Wasu daga cikin gyare-gyarensa sun ƙara wa littafin ƙarfi, domin zargin da aka auna shi ya fi wuyar turewa. Sai dai ciniki ne, kuma farashinsa a bayyane yake: Beers ya sami sa hannun likitoci, likitoci kuma suka sami damar fassara wa duniya abin da littafin yake nufi. Zaman nasu ma bai daɗe da daɗi ba, domin Meyer yana son a fara a hankali daga jiha guda ƙarƙashin jagorancin likitoci, Beers kuwa yana son ƙasa baki ɗaya cikin gaggawa, har Meyer ya janye daga ƙungiyar a 1910 kafin su shirya daga baya.

Akwai hujja guda da mai shakka zai iya riƙewa, kuma Beers da kansa ne ya miƙa masa ita. Ya rubuta cewa ya riƙa tsokanar masu tsaro, ya fasa abubuwa, ya toshe ƙofa, har ya jawo da gangan aka mayar da shi ɓangaren masu faɗa don ya ga abin da ake yi a can da idonsa. Wanda yake neman dalilin kawar da kai zai ce ai shi ya nema, kuma wanda ya yi shekara biyu yana ɗaukar yayansa ɗan sanda ba shi ne za a dogara da tunaninsa a kan wane ne ya fara kai hannu ba. Ni a wurina wannan amsa laifi da ya yi ita ce babbar alamar gaskiyarsa, domin mai ƙirƙirar zalunci ba ya bayar da makamin da za a sare shi da shi. Bayan haka, littafin yana bambanta abu biyu da mai shakka yake haɗawa: ruɗun da ya shiga ya shafi ma'anar abin da ke faruwa, ba faruwar abin ba. Ya ga yayansa da gaske, abin da ya kuskure shi ne ko wane ne. Haka nan rigar da aka ɗaure shi da ita da raunukan da ke jikinsa ba mafarki ba ne. Tsokanar da marar lafiya ya yi kuwa alama ce ta ciwon da aka kawo shi a yi masa magani, ba izini ba ce ga wanda aka ɗauka aikin kula da shi ya shaƙe shi.

Wannan tambaya ta wa za a gaskata ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Mun san cewa an ɗauke alƙalami daga kan wanda hankalinsa ya gushe har sai ya dawo, amma a zaman yau da kullum sau da yawa ba ma yarda cewa ya dawo ɗin, sai a ji ana cewa a rabu da shi, ai ya taɓa zuwa Dawanau, ko kuma abin nasa ne ya motsa. A 2019, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wasu gidajen mari a Kaduna da wasu garuruwan arewa, kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a sassan Najeriya, hotunan ƙafafun da mari ya ci ne suka girgiza mutane, alhali waɗanda suka fito daga irin waɗannan wurare sun daɗe suna da bakin magana. Sai a farkon 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958.

A Amurka, fitowar littafin ta buɗe aljihun masu kuɗi. An kafa ƙungiyar jihar Connecticut a watan Mayu na 1908, aka kafa ta ƙasa a 1909 da Beers a matsayin sakatare. William Welch na jami'ar Johns Hopkins ya ba attajiri Henry Phipps, abokin kasuwancin Andrew Carnegie a harkar ƙarafa, kwafin littafin, kuma ba a daɗe ba Phipps ya ba da kuɗin gina sashen kula da ciwon ƙwaƙwalwa a jami'ar, wanda aka buɗe a 1913 da Meyer a matsayin shugabansa. Phipps ya kuma ba ƙungiyar ta ƙasa dala 50,000, daga baya gidauniyar Rockefeller ta shigo. Aka yi ƙidayar halin da asibitocin jihohi ke ciki, aka shirya kula da sojojin da yaƙin duniya na ɗaya ya firgita ƙarƙashin likita Thomas Salmon, aka buɗe cibiyoyin duba yara masu matsalar ɗabi'a a shekarun 1920, a 1930 kuma aka yi babban taron duniya a Washington da wakilai daga ƙasashe fiye da 50.

Duk waɗannan ayyuka ne na gaske, amma idan aka jera su kusa da abin da littafin ya ƙunsa sai a ga tazara. Littafin yana magana a kan ɗaki mai sanyi da hannun mai tsaro a wuyan majinyaci, ƙungiyar kuwa hankalinta ya ƙara karkata ga makarantu da tarbiyyar yara da horar da ƙwararru, wato ga mutanen da ba su shiga asibiti ba tukuna. Rigakafi ya fi daɗin tallatawa ga mai ba da gudummawa, ba ya kuma ɓata wa wani shugaban asibiti rai. A wasu wuraren karkatar ta wuce haka ta yi muni. Clarence Hincks, likitan Toronto da shi ma ya sha fama da baƙin ciki, ya karanta littafin ya ga kansa a ciki, ya haɗa kai da Beers suka kafa ƙungiyar Kanada a 1918, amma shi da wasu shugabanninta sun goyi bayan ra'ayin hana waɗanda ake kira masu raunin hankali haihuwa. Lardin Alberta ya yi doka a kan haka a 1928, kuma kafin a soke ta a 1972 an yi wa mutane kusan 2,800 aikin da ya hana su haihuwa. Ba laifin littafin ba ne, sai dai yana nuna cewa mutum yana iya karanta labarin wanda aka yi wa ƙarfa-ƙarfa da sunan magani, ya tausaya masa da gaske, sannan ya fito da wata sabuwar ƙarfa-ƙarfar da sunan kiyaye al'umma. Shi ya sa ƙungiyoyin tsofaffin majinyata da suka taso a shekarun 1970 suka dage cewa za su yi magana da bakinsu ba tare da wani likita ya rubuta musu gabatarwa ba. Ina fahimtar dalilinsu, ko da yake ba na ganin Beers yana da wani zaɓi a 1908 in ban da ya karɓi cinikin ko ya zauna da rubutunsa a akwati.

Beers ya yi shekara talatin yana yawon neman kuɗi wa ƙungiyar, ya yi aure a 1912 amma shi da matarsa suka yanke shawarar ba za su haihu ba don tsoron gadon ciwon. A 1939 ciwon ya dawo masa, ya shiga asibitin Butler a Providence, a can kuma ya rasu a 1943. A daidai waɗannan shekaru, wasu samari kusan 3,000 da suka ƙi ɗaukar makami a yaƙin duniya na biyu saboda aƙidarsu, yawancinsu daga ɗarikun Kirista masu ƙin yaƙi, gwamnati ta tura su aikin tsaron majinyata a asibitocin jihohi da yaƙi ya kwashe wa ma'aikata. Abin da suka tarar shi ne abin da Beers ya rubuta, a wasu wuraren ma ya fi muni saboda cunkoso: maza tsirara a zube a manyan ɗakuna, ɗauri, duka, da ma'aikaci guda a kan majinyata fiye da ɗari. Suka riƙa rubuta abin da suka gani, ɗayansu ya shiga da kyamara a ɓoye asibitin Byberry na Philadelphia, kuma a watan Mayu na 1946 mujallar Life ta buga hotunan tare da rahoton Albert Maisel. Gani ya kori ji. Jihohi suka fara ƙara kasafin asibitoci, a watan Yuli na wannan shekara kuma Shugaba Truman ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda tuni ake muhawara a kanta saboda yawan samarin da aka ƙi ɗauka soja ko aka sallama bisa matsalar hankali. Shaidar da ta motsa jama'a a kan halin cikin ɗakunan a wannan karo ta fito ne daga masu tsaro, mutane masu lafiya, wato rukunin da Beers ya fi kuka da su. Waɗannan samari sun kafa tasu gidauniyar, kuma a 1950 ta haɗe da ƙungiyar Beers da wata ta uku suka zama ƙungiya guda, wadda a yau ake kira Mental Health America.